Ibn al-Haytham: Malamin da ya bayyana sirrin haske shekaru 800 kafin a ƙera kyamara

A yau da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ko hawan Sallah a Sakkwato ba a ga wayoyi sun tashi sama ana ɗaukar hoto ba. Sai dai da yawa daga cikin hotunan kan fito fuska a duhu, ko su yi dishi-dishi, mai wayar kuma ya ɗora laifin a kan kyamara, ya fara tunanin sayen wata mai tsada.

Galibi matsalar ba ta kyamarar ba ce, ta rashin sanin halin haske ce. Mutumin da ya fara shimfiɗa wannan ilimi bisa gwaji ya rasu kusan shekara 1,000 da suka wuce, bai taɓa ganin hoto ba. Sunansa Abu Ali al-Hasan ibn al-Hasan ibn al-Haytham, wanda Turawa ke kira Alhazen.

Tasowarsa a Basra

An haifi Ibn al-Haytham a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, daidai da 354 bayan Hijira. A lokacin halifan Abbasiyya yana nan a Bagadaza, amma iko na hannun sarakunan Buwaihi.

Basra gari ne na malamai da 'yan kasuwa, kuma ya taso ne bayan an shafe fiye da ƙarni guda ana fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci. Don haka ya tarar da littafin lissafi na Iƙlidis, da littattafan taurari na Baɗlamus, da falsafar Arisɗo, da likitancin Jalinus, duk a harshen da yake karantawa.

Masu tarihi sun ce ya riƙe muƙami a gwamnatin Basra, amma hankalinsa ya fi karkata ga karatu. Marubucin tarihin likitoci Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya adana wani bayani da Ibn al-Haytham ya rubuta game da kansa. A ciki ya nuna cewa tun yana matashi saɓanin ƙungiyoyi ya dame shi, inda kowa ke riƙe da nasa ra'ayi yana cewa shi ne daidai. Wannan ya sa ya koma neman abin da za a iya tabbatarwa ta hanyar gani da ido da kuma hujjar hankali.

Alkawarin da ya kusa cin ransa

Labarin da ya fi shahara a rayuwarsa ya zo ne daga masanin tarihi al-Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248.

A cewarsa, Ibn al-Haytham ya taɓa faɗin cewa da yana Masar, da ya yi wa Kogin Nilu aikin da zai sa a amfana da ruwansa ko ya cika ko ya ja baya. Rayuwar Masar duka ta rataya ne a kan ambaliyar wannan kogi. In ta yi kaɗan a shiga yunwa, in ta yi yawa ta cinye gonaki.

Maganar ta kai kunnen halifan Faɗimiyya na Alƙahira, al-Hakim bi Amrillah, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021. Mutum ne mai son ilimi, shi ya kafa cibiyar karatu ta Darul Ilmi a 1005, amma kuma an san shi da saurin zartar da hukuncin kisa, har a kan manyan fadawansa.

Halifan ya aika masa da dukiya, ya gayyace shi, har ya fita wajen gari ya tarbe shi da kansa. Aka haɗa shi da magina da ma'aikata suka nufi kudu.

Tun a hanya gwiwarsa ta fara sanyi. Ya ga manyan gine-ginen mutanen Masar na dā, ya yi tunanin cewa masu wannan gwaninta da aikin mai yiwuwa ne da tuni sun yi shi. Da ya isa wani wuri mai duwatsu da ake kira al-Janadil, kudu da Aswan, ya duba kogin da kyau, sai ya tabbatar cewa da kayan aikin zamaninsa abin ba zai yiwu ba.

Ya koma ya faɗa wa halifa gaskiya. Al-Hakim ya nuna kamar ya karɓi uzurin, ya ba shi aiki a wani ofishi. Amma Ibn al-Haytham ya san halin wanda yake yi wa aiki, don haka ya yi haukan ƙarya domin ya tsira da ransa. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida, aka sa masa mai gadi.

A haka ya zauna har zuwa 1021, lokacin da al-Hakim ya fita da dare zuwa tsaunin Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Daga nan malamin ya bayyana lafiyarsa, aka mayar masa da kayansa.

Wani marubucin, al-Baihaƙi, ya kawo labarin da wata siga, inda ya ce halifan ya raina shirin tun ganawar farko, malamin kuma ya gudu zuwa Sham. Abin da ruwayoyin biyu suka haɗu a kai shi ne aikin Nilu bai yiwu ba.

Wurin da ya hango kuwa bai yi kuskure ba. A yankin Aswan ɗin aka gina madatsar ruwa ta farko a 1902, aka kuma kammala babbar madatsar a 1970.

Rayuwa a ƙofar Azhar

Bayan ya samu 'yanci bai koma neman muƙami ba. Al-Ƙifɗi ya ce ya tare a wani ɗaki mai ƙubba kusa da ƙofar masallacin Azhar, yana karantarwa yana rubutu.

Abincinsa a bakin alƙalaminsa yake. Duk shekara yakan kwafi littafin Iƙlidis, da babban littafin taurari na Baɗlamus wato Almajisɗi, da wani kundin littattafan lissafi, ya sayar a kan dinari 150, ya ci da kansa har shekara ta zagayo.

Littafin Iƙlidis ɗin nan ba baƙo ba ne a Sakkwato. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya zo birnin a 1824 ya sake dawowa a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littattafan Larabci, ciki har da na Iƙlidis. Clapperton ya rubuta cewa Sarkin ya yi murna ƙwarai, ya kuma shaida masa cewa dā ma gidansu na da kwafin littafin da aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi.

Ido ne ke fitar da haske, ko haske ne ke shiga ido?

Babban aikin Ibn al-Haytham shi ne Kitab al-Manazir, littafi mai kashi 7 a kan haske da gani. An fi cewa ya rubuta shi tsakanin 1011 da 1021, wato lokacin da yake tsare, ko da yake masani Abdelhamid Sabra, wanda ya fassara kashi uku na farko zuwa Ingilishi a 1989, ya fi karkata ga cewa bayan 1028 ne.

Kafin shi, masana sun rabu. Iƙlidis da Baɗlamus, da al-Kindi a cikin Musulmi, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Mabiya Arisɗo kuma suka ce surar abu ce ke zuwa ga ido, amma ba su iya bayyana yadda hakan ke faruwa da lissafi ba.

Ibn al-Haytham ya fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi. Wanda ya daɗe yana kallon wuri mai tsananin haske, in ya juya ga duhu, zai ci gaba da ganin alamar hasken na ɗan lokaci. Wannan na nuna cewa wani abu ne daga waje yake shiga ido ya yi masa tasiri.

Daga nan ya kafa ƙa'idarsa: kowane ɗigo a jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa haske da launi zuwa kowace fuska, a kan miƙaƙƙun layuka. Abin da ya shiga ido daga cikin wannan haske shi muke gani.

Abin da ya bambanta shi da magabata shi ne bai tsaya ga hujjar baki ba. Yakan bayyana kayan da za a haɗa, da awonsu, da yadda za a jera su, domin mai karatu ya maimaita gwajin da hannunsa. Wannan hanya yana kiranta i'itibari. Don ya nuna cewa gani a miƙe yake tafiya, ya sa a leƙa abu ta cikin miƙaƙƙen bututu, sannan a toshe wani sashe na bakin bututun, a ga yadda sashen abin da ke daidai da wurin yake ɓacewa.

Ɗaki mai duhu

Gwajin da ya fi kusa da kyamarar da ke hannunka shi ne na ɗaki mai duhu, wanda ya kira al-baitul muzlim.

Ya jera fitilu a wurare daban-daban a gaban wata 'yar ƙaramar kafa da ke shiga cikin wuri mai duhu. A bangon da ke fuskantar kafar sai ɗigon haske ya bayyana daidai da yawan fitilun, kowanne a kishiyar fitilarsa. In aka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. In aka buɗe ta, ya dawo.

Ma'anar wannan ita ce hasken abubuwa masu yawa na iya ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba, kowanne ya sauka a nasa wuri. Wannan shi ne tushen kowane hoto.

A wata maƙala da ya rubuta kan siffar kusufin rana, ya nuna cewa idan hasken rana mai kusufi ya ratsa ƙaramar kafa, yakan fito a bango da siffar jinjirin wata. Idan aka faɗaɗa kafar, siffar sai ta lalace ta koma kamar ta kafar kanta. Ya kuma yi bayanin dalilin da lissafi.

Ana iya ganin wannan a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da tsakar rana. Ɗigon hasken da ke ƙasa masu siffar da'ira hotunan rana ne, ratar da ke tsakanin ganyaye ce ta zama kafar. A ranar kusufi, irin wanda aka gani a arewacin Najeriya ranar 29 ga Maris 2006, waɗannan da'irori kan koma kamar lauje. Wannan ce ma hanya mafi aminci ta kallon kusufi, domin duban rana kai-tsaye na lalata ido.

Ba shi ne mutum na farko da ya lura da abin ba. Littafin Mozi na ƙasar Sin ya ambace shi ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da Ibn al-Haytham ya ƙara shi ne gwaji mai tsari da bayanin lissafi. Ita kuwa kalmar kyamara ta samo asali ne daga Latinanci, inda take nufin ɗaki, kuma sunan da Turawa suka ba wannan na'ura, kamera obskura, ma'anarsa ɗaki mai duhu.

Sharuɗɗa 8 da za su gyara maka hoto

A kashi na uku na littafin, inda ya yi magana kan kurakuran gani, ya lissafa abubuwa 8 da sai sun daidaita kafin a ga abu yadda yake: nisa, matsayi, haske, girman abin, kaurin jikinsa, tsabtar iska, lokaci, da lafiyar ido. In ɗaya ya wuce kima ko ya gaza, gani zai yi kuskure. Kyamara ido ce da aka ƙera, don haka yawancin sharuɗɗan sun hau kanta.

Haske. Ya lura cewa haske mai ƙarfi yana ɓoye mai rauni, shi ya sa ba a ganin taurari da rana. Haka fuskar mutum ke komawa baƙa in ya tsaya rana ko taga tana bayansa. Ka sa hasken ya fito daga bayanka ko daga gefe, ya sauka a fuskar wanda kake ɗauka. In babu yadda za a yi, taɓa fuskar a allon wayar domin kyamara ta auna haskenta da ita.

Ya kuma nuna cewa bango ko ƙasar da rana ta haska su ma suna fitar da nasu haske, mai laushi fiye da na asali. Wannan ne sirrin hoto a inuwa. Ranar Sakkwato a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, tana dukan mutum daga sama ta bar duhu a ramin ido da ƙarƙashin hula. Ka matsa da shi bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, yana fuskantar waje. Mafi kyau kuma ka yi ɗauka da hantsi ko bayan La'asar.

Launi ma yana tafiya tare da haske. Ya gwada cewa farin ƙyalle kan ɗauki launin abu mai haske da ke kusa da shi. Shi ya sa farar shadda kan fito da ja-ja ko shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin rumfar biki mai launi.

Matsayi. Ya lura cewa zane mai laushi a jikin abu mai sheƙi yakan ɓace idan ƙyallin ya dawo cikin ido, amma da an karkata shi kaɗan sai zanen ya fito. Mai tallan shadda ko takalman fata ko zinari a WhatsApp ya riƙe wannan: ya kashe fitilar kyamara, ya ajiye kayan kusa da taga, ya ɗan matsa gefe har aikin ya bayyana.

Nisa da girma. Abin da ya yi nisa ƙananan siffofinsa kan ɓace. A yawancin wayoyi, jawo hoto da yatsu biyu faɗaɗa shi kawai yake yi, ba ya ƙara masa komai. Ka taka da ƙafarka ka matsa kusa, har abin da kake so ya cika allon.

Tsabtar iska. Ya ambaci hazo da ƙura da hayaƙi cikin abubuwan da ke rage gani. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hoton abu mai nisa kan fito fari-fari. Amma wannan hazon yana tausasa rana, don haka lokaci ne mai kyau na ɗaukar fuska daga kusa.

Lokaci. Ya tabbatar cewa gani na buƙatar lokaci, komai ƙanƙantarsa. Misalinsa shi ne abin wasan da ake murzawa ya yi ta juyi, irin katantanwar yara: in an shafa masa launuka daban-daban, da ya ɗauki gudu sai su haɗe su zama ɗaya. Kyamara ma tana buɗe ƙofarta na ɗan lokaci ne ta tara haske. A wuri mai duhu takan daɗe a buɗe, kuma duk motsin da aka yi a lokacin zai shafe hoton. Ka riƙe ta da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a jiki ko ka jingina da bango. Dawakin hawan Sallah kuwa, a ɗauke su inda haske ya wadata, a danna sau da yawa a jere, a zaɓi mafi kyau.

Lafiyar ido. Idon kyamara shi ne gilashinta. Wayar da ta kwana a aljihu cikin ƙura da gumi tana buƙatar a goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin ɗauka.

Inda ya tsaya, inda wasu suka ɗora

Ibn al-Haytham bai gano komai duka ba. Ya ɗauka cewa ƙwayar da ke tsakiyar ido, mai kama da ƙanƙara, ita ce ke jin haske. Sai a 1604 masanin taurari ɗan Jamus Johannes Kepler ya nuna cewa aikinta tattara haske ne kawai, hoton kuma yana sauka ne a bangon bayan ido, a kife.

Irin wannan gyara shi da kansa ya yi kira a riƙa yi. A littafinsa na shakku a kan Baɗlamus ya bi kurakuran babban malamin taurarin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma shawarci mai neman gaskiya da ya binciki duk abin da ya karanta, ya tuhumi kansa ma yayin binciken, kada son marubuci ko ƙinsa ya rinjaye shi.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040, daidai da 430 bayan Hijira. An lissafa masa littattafai da maƙaloli kusan 100 a lissafi da taurari da haske, fiye da 50 daga ciki sun iso zamaninmu.

A ƙasashen Musulmi littafin al-Manazir ya daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba, sai da Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙih al-Manazir wajen shekarar 1300, ya kuma yi amfani da hanyar gwajinsa ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa.

A Turai an fassara shi zuwa Latinanci wajen 1200. Roger Bacon da John Pecham da Witelo duk sun sha daga gare shi, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572.

A ƙarni na 16 aka sa gilashi a kafar ɗaki mai duhu. Wannan ya warware matsalar da ke tattare da kafar: ƙarama tana ba da hoto mai kaifi amma maras haske, babba tana ba da haske amma hoton ya dagule. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama hoton ya zauna.

Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya yi nasarar hakan wajen 1826 zuwa 1827, daidai shekarun da Clapperton ke Sakkwato karo na biyu. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Louis Daguerre. A 1975 kuma injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari.

A yau akwai wani rami a duniyar wata da ke ɗauke da sunan Alhazen. Iraƙi ta sa zanensa a takardar kuɗinta ta dinari 10,000 da ta fitar a 2003. A 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa haske, hukumar UNESCO ta yi bikin cikar littafinsa shekara 1,000.

Mai son ya gwada abin da malamin ya gani ba ya buƙatar kashe ko kwabo. A rufe ɗaki ruf da rana, a toshe taga da kwali, a huda shi da ƙusa, a riƙe farar takarda a gaban hudar. Bayan ido ya saba da duhun, tsakar gida za ta bayyana a jikin takardar da launukanta, sama a ƙasa, ƙasa a sama.